Bangon da Gilashina Ya Lanƙwasa

Tun da na dawo, duk wanda ya leƙo shagona sai ya tambaya: Nasiru, ya hanya, ka ga Kawu, yaushe zai dawo? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ɗauki kai wancan ya ɗauki ƙafa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san mafarin ba, ni mai hoto ne a Wurno, na biki da suna da fasfo. Kawu Haruna yayan mahaifiyata ne, magini, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Wani Alhaji ɗan wani ƙauye can wajen Kwargaba, da ke kasuwanci a Fatakwal, ya ɗauki nauyin gina aji biyu na Islamiyya a garinsu, aka ba Kawu aikin. Da gini ya kai linta, kwamiti suka ce in zo in ɗauka a tura wa Alhaji. Wurin matsattse ne, katangar wani gida na bayana, ba halin ja da baya. Sai na ɗaura wa kyamara wani tsohon gilashi mai faɗin gani da na saya na hannu, na matsa kusa na ɗauka. Na tura ko dubawa ban yi ba, don ina saurin zuwa wani suna.

A hoton, bangon ya yi ciki, tsakiyarsa ta kumburo kamar gefen ƙwarya. Alhaji ya kira ya yi faɗa, hoton ya shiga wayoyin mutane, kuma daga ranar duk wanda ya tsaya gaban bangon sai ya karkata kai ya ce ai kuwa ga shi nan. Kawu shekara talatin yana gini ba a taɓa mai da masa aiki ba. Bai yi musu da kowa ba. Ya tattara cebur da igiyarsa ya bar gari, wayarsa ma a gida ya bar ta.

Sai bayan mako guda na kai hotunan biki Sakkwato wurin Malam Isah mai wanke hoto, na nuna masa abin da ya faru. Ya dube ni kamar zai mare ni.

"Kana da ɗanyen?" ya ce.

Ɗanyen hoto shi ne abin da kyamara ta kama kafin ta dafa shi ta mai da shi irin wanda ake turawa a waya. Ina da shi. Malam Isah ya buɗe a manhajarsa yana min bayani. Kowane gilashi da halinsa, in ji shi. Mai faɗin gani yakan tura layi waje, musamman ta gefe-gefe, ya duhunta kusurwoyi, ya sa wa bakin abu wani zare na shuɗi ko ja. Masu manhajar sun riga sun auna gilasai iri-iri, suna ɗaukar wani allo mai gida-gida irin na dara, su ga yadda kowane layi ya kauce daga inda ya kamata, su rubuta su ajiye. Wannan rubutun shi ake ce wa furofayil. In ka buɗe ɗanyen hoto, manhaja takan karanta sunan gilashin a cikinsa, ta ɗauko furofayil ɗinsa, ta mai da kowane ɗigo mazauninsa. To nawa gilashin tsoho ne, da zobe na haɗa shi da kyamara, ba ya gaya mata sunansa. Manhaja ba ta san da wa take magana ba, sai ta bar hoton yadda ya zo. Malam Isah ya nemo sunan gilashin da hannu ya danna. Bangon Kawu ya miƙe sak a gabana. Kafin in tafi ya sa min manhajar a kwamfutata.

Na tura wa Alhaji a ranar. Amsarsa gajera ce: "An ce gyara shi ka yi. Kai da ke mai da baƙa fara ran biki, bango zai gagare ka? In ya miƙe, me ya sa maginin ya gudu?" Ya ce Kawu ya zo da kansa ya sa igiya gaban kwamiti kafin Asabar ta wuce, in ba haka ba a rushe a ba wani. Na roƙi Malam Usman sakataren kwamiti su auna da kansu, ya ce su ba sa ja da mai abu. Ran Talata da safe na saɓa jaka, kyamara da kwamfuta a ciki, na hau motar Goronyo, don can aka ce an ga Kawu.

Motar cike take da buhunan albasa marasa komai da mutanen da suka san juna. Ni kaɗai ba wanda ya sani, aka matse ni jikin ƙofa, jakata a cinya. Suna ta hirar farashin taki, ni ina ta maimaita abin da zan ce wa Kawu, kowane karo sai in ji bai yi ba.

A wani shinge 'yan sa-kai suka sauke mu. Wani dogo mai layu har wuya ya taɓa jakata da bakin sanda.

"Mi ke cikin jikkag ga?"

"Kyamara ta, yallaɓai. Mai hoto na."

"Wa kaka ɗaukam ma hanya?"

A wannan yankin yanzu mai ɗaukar hoton hanya ba abin wasa ba ne, ana iya cewa wasu yake kai wa rahoto. Aka sa na kunna kyamarar, dogon yana wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke. Can sai ya tsaya, ya kira abokinsa.

"Wagga ba Hajara ta ba, ɗiyar Baba Sanda? Yaushe ta yi hwari haka?"

Suka bushe da dariya, suka ce in tafi, wanda ya iya wannan ƙaryar ba shi da lokacin wata. Na koma mota kowa na min dariya, nima na yi, amma raina bai so ba. Abin da Alhaji ya faɗa ke nan, kuma ga shi baƙo ma ya shaida.

Goronyo garin ruwa ne. Mu a Wurno in ka gama ina kwana sai ka tambayi iyali, su kuwa na lura kafin su kai ga iyali sai sun tambayi juna ko an saki ruwan madatsa. Kifi kuma da hantsi suke cin sa, soyayye da yaji da garin rogo, lokacin da mu ko koko bai gama sauka ba. Na saya wurin wata dattijuwa a bakin kasuwa, na tambaye ta ko ta ga wani magini ɗan Wurno, dogo, mai ɗan ɗingishi.

"Wanda ba ya magana? Kwana huɗu yay yi nan, shina gina shagon can. Nan yaka cin abinci. Sai wani yaro yan nuna ma mai shagon wani hoto ga waya, anka taru ana kallo ana dariya. Bai ko ƙarasa kihinai ba yat tashi."

Ta ce ta ji wani direba na cewa ya sauke shi a hanyar Rabah. Ban gaya mata ni na ɗauki hoton ba. Na biya na koma gefe.

Motocin komawa sun ƙare tun azahar, don ba mai son la'asar ta same shi a hanya. Mai shagon da Kawu ya fara ginawa ya ba ni tabarma a zaurensa. Kafin magariba na je na tsaya gaban bangon da Kawu ya bari a rabi. Layi shida nasa ne, na sama na wani ne, ko makaho ya shafa zai gane inda hannu ya canja. Daga nan na taka zuwa bakin ruwa na zauna. Masunta na ta kiran juna da sunaye, kowa da wanda yake jira. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba, a garin da bai fi tafiyar awa guda da ɗakina ba.

Ran Laraba sai da motar ta biyo ta mararrabar garinmu kafin in sami ta Rabah. Na sunkuyar da kai kada wani ya gan ni ya kai wa Inna, mahaifiyata, labari cewa na wuce hannu biyu. Tun da Kawu ya tafi ba ta ce min komai ba, abinci dai take ajiye min ta koma ɗaki, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Mutanen Rabah ba sa sakin jiki da baƙo yanzu, ban kuma ga laifinsu ba. Kafin a ba ka ruwa sai an ji ɗan wane ne kai, wa ka sani a garin, me ya kawo ka. Mai unguwar da aka kai ni wurinsa ya yi min tambayoyin nan duka sau biyu, ta gaba da ta baya, ya ga amsar ba ta canja ba, sannan ya sa aka kawo min hoce da fura. Furar tasu ta fi tamu tsami da kauri, sai ka yi da gaske ludayi ke nutsewa. Shi ne ya ce min akwai wani magini baƙo a wani ƙauye gaba da Maikujera, yana yi wa mutane rumbu. Na ce Kawu ba ya gina rumbu, shi mai bulo ne. Mai unguwa ya ce to shi dai wannan ɗingishi yake.

Na kai kwamfuta shagon cajin waya, mai shagon ya ce wannan ai ta ci wutar waya goma, sai na biya na goma. Na biya. Ran Alhamis da sassafe na hau babur. Yashi ya kayar da mu sau biyu, a na biyun na faɗi a kan jakar, kusurwar kwamfutar ta tsage. Na zauna a tsakiyar hanya na buɗe ta hannuna duk yashi, ɗan acaɓa na tsaye yana cewa shi ba a zama a wannan wurin. Ta kama. Muka ci gaba.

Na same shi bayan wani gida, tsaye cikin laka har idon sawu, yana ɗora wa rumbu baki. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi Inna, ya ci gaba da aikinsa. Na ce Kawu, rumbu kuma?

"Shi dai da ma kewaye na," ya ce. "Ba mai cewa bai miƙe ba."

Na jira har ya wanke hannu ya yi azahar. Sannan na buɗe kwamfuta a inuwar darbejiya, na nuna masa hoton farko, na danna furofayil, bango ya miƙe. Na ce laifin gilashina ne, laifina ne, ya yafe min. Na gaya masa sharaɗin Alhaji. Ya daɗe yana kallo.

"Ka gyara shi ke nan."

"Ba irin wancan gyaran ba na, Kawu."

"Gyara nawa a akwai? In na'urag ga tana miƙe bango, ai na Ɗan-Tani ma da ya hwaɗa ma akuya sai ta miƙe shi. In tahi gaban mutane da wanga, su ce ni da ɗan ƙanwata mun haɗa baki?"

Na ce masa manhajar ba ta san bango ba, ba ta taɓa ganin bulo ba. Gilashi kawai ta sani. Abin da gilashin ya ƙara, musamman ta gefe, shi take cirewa, in hoton bango ne, in na jaki ne, duk gwargwado ɗaya take turawa. Na ce kamar mai awo ne da ya san mudunsa ya lotsa, yana cika abin da lotsawar ta ci, ba ruwansa da ko gero ne ko dawa. Kawu ya ce magana ce wannan, shi kuma ba ya gini da magana.

Ya tashi ya ɗauko igiyarsa mai dutse a baki. A gefen gidan akwai wata tsohuwar katanga da ruwan bana ya ci gindinta, ta turo ciki waje. Ya ɗaure igiyar a reshen darbejiya daf da ita, ya jira dutsen ya daina lilo.

"Ɗauka. Da shi wancan gilashin, ba wani ba. Ka sa su can gehe, inda kac ce ya hi ƙarya."

Na ɗauka. A ɗanyen hoton igiyar ta lanƙwashe kamar baka, katangar kuwa ta ƙara muni. Kawu ya dubi igiyarsa a reshe, ya dubi ta cikin kwamfuta, ya ce la'ilaha illallahu. Na nemo sunan gilashin na danna. Igiyar ta miƙe. Katangar ta rage kumburi kaɗan, amma tana nan da cikinta. Ya ce in mayar, na mayar. Ya ce in sake. Sai da muka yi haka ya fi sau goma, har ya karɓa yana dannawa da yatsansa mai kaushi. Ya sa na miƙa igiyar a kwance tsakanin turaku biyu muka sake gwadawa. A ƙarshe ya ce in buɗe masa bangon Islamiyya, ya kara gefen cokalin gini a jikin allon kwamfutar, ya rufe ido ɗaya.

"To," ya ce. "Wagga ba ta san mutum ba. Ta hi kwamiti."

Ranar ce kawai a tafiyar nan na ci abinci da wani a kwano ɗaya. Tuwon dawa ne da miyar kuka, masu gidan suka aiko. Kawu ya ce gobe bayan Juma'a za mu kama hanya, mu kwana Rabah, Asabar da hantsi yana gaban bangonsa. Har ya yi min tsiya, wai in na sake yi wa amarya fenti ya ji labari sai ya karya kyamarar.

Ƙauyen ba sabis sai an hau wani tudu bayan makabarta. Ran Juma'a da safe muka hau tare, kayansa ɗaure a buhu, don in shaida wa Malam Usman muna tafe. Na sa wayar a sifika saboda iska.

"Nasiru? Ina ka shiga, tun jiya nike nemanka. Ai an rushe."

Na ce Asabar aka ce.

"Motar bulo ta iso jiya, ga lebura sun samu, sabon maginin yac ce shi ba ya jira. Alhaji yac ce a yi kawai. Wallahi da wuya ya hwaɗi, sai da anka kawo manyan guduma. Kowa na ta mamaki."

Wayar ta yanke, ko ni na kashe, ban sani ba. Kawu na tsaye yana kallon gonakin gero. Na ce za mu iya zuwa duk da haka, mu nuna musu igiya da katanga kamar yadda muka yi jiya. Ya ce a sa igiya a jikin me? Muka sauko. Ya kwance buhun, ya fitar da cebur, ya cire rigar Juma'ar da ya riga ya sa, ya ninke. Na ce Kawu, don Allah mu tafi gida, Inna ba ta barci. Ya ce in gaya mata lafiyarsa lau, akwai rumbu uku a gabansa, bayan su kuma Allah ya sani. Ya ce in yi sauri in sami babur tun rana ba ta yi ba, hanyar ba ta da kyau.

Na saɓa jaka. Na yi 'yan taku, na waiwaya. Rana ta bugi rumbun ta gefe, sumul, ko tsaga babu, sawun yatsunsa na jere a jikin lakar. Na ce bari in kai wa Inna ko da wannan ne ta ga yana aiki. Hannuna ya riga tunanina, na ɗaga kyamara.

Kawu ya tako da ɗingishinsa ya shiga tsakanina da rumbun, ya ɗaga tafin hannu mai laka. Ba faɗa a muryarsa, da akwai da na fi jin daɗi.

"Nasiru," ya ce, "wanga ka bar min shi."

Na sauke kyamarar na sa a jaka. Ni kaɗai na dawo.